Daga zauren sarki zuwa jistis: wa ke raba dukiya in aure ya mutu?

Duk wanda ya taɓa zama a harabar jistis ta Maraɗi ko ta Damagaram ya san abin da ke ja wa shari'ar mutuwar aure tsawo. Maganar sakin kanta ba ta ɗaukar lokaci. Inda ake kai ruwa rana shi ne kan gado da katifa, da awaki, da kuɗin adashe, da gidan da aka gina tare. To, mu waiwaya mu ga yadda muka iso nan.

Kafin zuwan nasara, irin wannan ƙara zauren sarki ake kai ta ko gaban alƙali, a yi hukunci da fiƙihun Malikiyya gauraye da al'adar gari. Ƙa'idar a fili take: aure ba ya haɗe dukiya, ta miji daban, ta mata daban. In an tare kuma miji ya yi saki, sadaki ya zama nata. In ita ta nemi hul'i, sai ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadakin. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata kuwa, da su take fita.

A 1903 Faransa ta kafa kotunan 'yan ƙasa a yankunan da ta mallaka na Afirka ta Yamma. Ta bar aure da saki a hannun al'ada, amma ƙarƙashin idon kwamanda. Sannu a hankali ta sa hannu. Dokar Mandel ta 1939 ta shardanta yardar ango da amarya. Dokar Jacquinot ta 1951 ta taɓa kuɗi kai tsaye: macen da aurenta ya mutu bisa doka tana iya sake aure ba tare da wani ya nemi ko dala a kanta ba.

Bayan 'yancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 da ta tsara kotunan Nijar ta ce a aure, da saki, da gado, a yi wa mutane hukunci da al'adarsu. Dokokin 2004 da 2018 sun riƙe wannan tsari. Shi ya sa har gobe muke ganin mai shari'a, wanda ya yi karatun doka da Faransanci, zaune da mashawarta masana al'ada da addini a gefensa.

An sha yunƙurin rubuta kundin dokar iyali tun zamanin Kunce. Daftarin 1993 ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, aka jingine shi, haka ma yunƙurin 2011.

Kun ga ke nan, babu wani kundi guda da mai shari'a zai buɗe ya karanta rabon kowa. Abin da ke hannunsa shi ne tsohuwar ƙa'idar nan: kowa ya ɗauki nasa, mai da'awa ya kawo hujja. A zamanin kakanninmu wannan bai da wuya, domin unguwa duka ta ga kayan ɗaki ranar jere. Yau fa? Mace ta sayar da tumakinta an sayi siminti, takardar fili kuwa da sunan miji. Ko miji ya ba ta jarin sana'a, ya ce rance ne, ta ce kyauta ce. Ba takarda, ba shaida, wani lokaci sai an kai ga rantsuwa. A nan mai gaskiya kan fita hannu rabbana, ga kuma batun ciyar da yara yana jira.

Darasin da muka ɗauka shi ne, daga zauren sarki har jistis, hujja ce ke magana. Rubuta abin da aka sa a gini, ko kiran shaidu biyu ranar rance, ba rashin yarda ba ne. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi. Mu yi shi tun ana dariya, kada mu jira ranar da ake hararar juna.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya.