Tarihin Lalle a Ƙasar Kurfai da Tondikandiya

Lalle tsiro ne mai tsawon rai da ke jure fari, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta cim ma danshi, kuma idan rani ya tsananta sai ya kaɗe ganye ya jira damina, sannan ya sake tohowa ya fitar da ƙananan furanni farare masu ƙamshi. Wannan hali ne ya sa ya dace da ƙasa irin ta Filinge, inda ruwan sama bai cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, amma Dallol Boso, wato tsohon kwarin kogin da ya ƙafe, yana riƙe da ruwa kusa da doron ƙasa.

Shigar lalle yammacin Afirka ta daɗe, domin a wajajen shekarar 1068 malamin Andalus, al-Bakri, ya ambaci itatuwansa a birnin Audagust da ke Muritaniya ta yau. Masana harshe suna ganin kalmar lalle ta samo asali ne daga “anella” ta Abzinawa, daga Hausa kuma ta wuce zuwa Yarabanci ta zama “laali”, abin da ke nuna cewa tsiron ya bi hanyoyin fatake daga hamada zuwa kudu. Tondikandiya tana kan irin wannan mahaɗa, tsakanin Kurfayawa masu jin Hausa, da Zabarmawan Damana, da Abzinawan Imanan.

Akan dasa reshen lalle a gefen garka ko a bayan ɗaki, kuma da ya girma sai rassansa su yi tsini su zama shinge. Mata ne ke tsinke ganyen, su shanya a inuwa don kada korensa ya dushe, su daka a turmi su tankaɗe, sannan su kwaɓa garin su ƙunsa a tafin hannu da ƙafa har ya kama ja. Sa amarya a lalle ya zama babban rukuni na bikin aure, har kalmar ta koma sunan kwanakin da kansu.

A yau rini na kanti yana neman ture lalle, alhali wasu nau'o'insa suna ƙona fata. Kula da gindin lalle a gida kuwa ba ya cin ruwa mai yawa, kuma itacen yana iya yin shekaru masu yawa yana ba da ganye, har uwa ta yi wa ɗiyarta ƙunshin aure daga itacen da aka yi mata nata.