T-72: Tankar yaƙin Rasha da Najeriya ta saya a cikin gaggawa

T-72 tankar yaƙi ce da masana'antar Uralvagonzavod da ke birnin Nizhny Tagil ta ƙera, rundunar Tarayyar Sobiyet kuma ta fara aiki da ita a 1973. Nauyinta ya haura tan 40, igwarta mai faɗin baki milimita 125 ce. Mutum uku ne ke sarrafa ta maimakon huɗu, domin na'ura ce ke ɗura wa igwar harsashi. Wannan dabara ta rage mata tsayi da tsada, sai dai harsasan suna jere ne a ƙarƙashin mazaunin sojojin, idan makami ya huda sulken, sau da yawa tankar kan tarwatse gaba ɗaya.

Najeriya ba daga Rasha ta samo nata ba. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kame Gwoza da Bama, yawancin tankokin da rundunar sojin ƙasa ta dogara da su, wato Vickers na Ingila da T-55 na zamanin Sobiyet, sun tsufa. Amurka kuma ta hana a sayar wa ƙasar jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra. Sai gwamnatin Goodluck Jonathan ta juya Gabashin Turai, ta sayo T-72 na hannu daga Yukren da Jamhuriyar Cek.

An yi amfani da su a farmakin farkon 2015, bayan ɗage zaɓe zuwa 28 ga Maris, aka ƙwato Baga da Bama, sannan Gwoza ranar 27 ga watan. Amma cinikin makaman wancan lokaci ya bar baya da ƙura: an tuhumi tsohon mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, kan dala biliyan 2.1, zargin da ya musanta.

Sayen tanka ya fi riƙe ta sauƙi, musamman tsohuwa wadda kayan gyaranta ke ƙetare. A Afrilun 2020 Najeriya ta karɓi sababbin tankoki samfurin VT-4 daga kamfanin Norinco na ƙasar Sin. Makarantar horar da dakarun tankoki tana Bauchi, ta dakarun igwa kuma tana Kachia a kudancin Kaduna.

Ita kanta Rasha, wadda ta nuna sabuwar tankarta T-14 Armata a faretin 9 ga Mayun 2015 da shirin mallakar 2,300 kafin 2020, ba ta kai ko kusa ba. Da T-72 da aka sabunta da ƙanwarta T-90 ta fi dogara a yaƙin Yukren.