MASAƘAR DA TA MUTU TA TASHI

Mu da muka tsufa a kasuwar yadi mun san darajar ulun Ingila, amma kaɗan ne cikinmu suka san inda ake saƙa shi. To, ga labarin wata masaƙa da ke Saltaire, kusa da birnin Bradford.

Mai ita, Titus Salt, ɗan kasuwa ne irinmu. A 1836 ya tarar da dilolin gashin alfaka jibge a Liverpool, kowa ya ƙi taya su. Alfaka wata dabba ce ta ƙasar Peru, dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo. Ya saya, ya yi ta gwaji har ya fitar da yadi mai sheƙi kamar siliki. Nan arziki ya buɗe.

Da hayaƙi da cunkoson Bradford suka ishe shi, sai ya fita bayan gari, ya kafa ƙatuwar masaƙa ta dutse a bakin hanyar ruwan nan da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool, mai tsawon mil 127, ga kuma layin dogo a gefe. Ka ga dabara: kaya su shigo da sauƙi, yadi ya fita da sauƙi. An buɗe ta a 1853, ranar da ya cika shekara 50. Ma'aikata wajen 3,000, injinan saƙa 1,200, ana fitar da yadi 30,000 a kullum. Ya gina musu gidaje sama da 800, da makaranta da asibiti, bai kuma yarda da gidan giya ba.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Yadin roba da kaya masu araha daga waje suka karya kasuwar, a 1986 aka rufe masaƙar, ta zama kango. Shekara guda bayan haka wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta. Bai rushe ba, bai kuma garƙame ya ce yana adana tarihi ba. Ya zuba zane-zanen David Hockney, ɗan Bradford, sannan kantuna da gidajen abinci da ofisoshi suka biyo baya. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya.

To jama'a, mu ma muna da namu. Masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, da yawanmu kuwa da yadinta muka fara jari. Gini ba ya rayuwa da kwaɗo a ƙofa, sai da ƙafar mutane. In saƙa ba za ta dawo ba, a nema wa wurin wata sana'a tun kafin rufi ya rufta. Allah Ya sa mu dace, amin.