Isabey, Mai Zanen Sarakunan Faransa

An haifi Jean-Baptiste Isabey a Nansi ta ƙasar Faransa a 1767. Sana'arsa zana fuskokin manya a ɓallin hauren giwa da bai kai tafin hannu ba. Ya fara da fadar Sarauniya Mari Antuwanet. Da aka fille mata kai a 1793, bai daɗe ba sai ga shi gun Napoliyon, har ya yi zane-zanen naɗinsa a 1804, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu. Napoliyon na faɗuwa, ya je taron Biyana ya zana waɗanda suka kayar da shi. Mai karatu na iya cewa bi Yarima a sha kiɗa ne. Ni dai gwaninta na gani. Kyamara, wadda ta ɓullo a 1839, ita ta kashe kasuwar. Ya mutu a Faris a 1855.