Launin ƙofa da taga: abin da zafin Kano ke yi wa fenti

A unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kamar sauran sassan birnin Kano, ba a cika ganin mai fenti ya rasa aiki ba idan Sallah ta ƙarato, ko kuma ana shirin kai amarya. Akasarin masu gida kan tsaya ne a kan launin da ya burge su. To amma launin da aka zaɓa yana da tasiri a kan daɗewar ƙofa ko taga, musamman idan ta roba ce.

Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku, tana da mutane fiye da 220,000 a ƙidayar shekarar 2006. Gyaɗi-Gyaɗi na cikinta, a gefen titin Zariya, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yanki ne da ya haɗa tsofaffin gidaje da sababbin benaye, da gidajen haya, da shaguna a bakin titi.

Saboda haka ƙofofi da tagogin da ake gani iri-iri ne. Mafi yawa na ƙarfe ne da masu walda ke haɗawa. Sai tagogin alminiyom masu gilashi. Na roba su ne 'yan baya-bayan nan, kuma an fi ganinsu a ƙofar bayi da ta kicin, da tagogin wasu sababbin gine-gine.

Robar da ba ta son zafi

Robar da ake yin waɗannan tagogi da ita ana kiranta uPVC. A Jamus aka fara yin tagogi da ita a shekarun 1950, daga bisani ta bazu a Turai saboda ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, ruwa kuma ba ya ruɓar da ita. Galibi fara ce take fitowa daga masana'anta, kuma akwai dalilin hakan.

Farin launi yana mayar da akasarin hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi ya mai da shi zafi. Duk wanda ya taɓa dafa baƙar mota da tsakar rana a watan Afrilu ya san wannan. A wannan wata zafin iska a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, amma jikin abu mai duhu da rana ke duka kai tsaye yakan haura digiri 70. Ita kuwa robar uPVC tana fara laushi ne daga wajen digiri 75 zuwa 80.

Tun kafin a kai nan ma matsala ta fara. Kowane abu yana miƙewa idan ya ɗau zafi, sai dai robar ta fi sauran. Firam mai tsawon mita biyu, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, na roba zai ƙara kusan milimita biyar zuwa shida, na alminiyom kusan biyu, na ƙarfe kuwa kusan ɗaya kacal. Milimita biyar ba ta da yawa a ido, amma ta isa ta sa ƙyaure ya cije da rana, ya saki da dare. Idan aka yi ta haka kullum, firam ya kan lanƙwashe, sakata ta daina shiga raminta, gefen gilashi ya buɗe wa ƙura da ruwan sama hanya. Robar da ta lanƙwashe kuwa ba ta komawa yadda take. Sai dai a sake sabuwa.

Wannan ne ya sa kamfanoni da dama a Amurka ke ba da shawarar kada a shafa wa roba launin da ke mayar da ƙasa da kashi 55 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ruwan madara, da ruwan toka mai haske, da shuɗi ko kore masu haske sosai sukan cika wannan sharaɗi. Baƙi, da ruwan makuba, da ruwan ƙasa mai duhu, da kore shar ba sa cikawa. Akwai fenti na musamman mai duhu da aka haɗa da sinadaran da ke mayar da zafin rana, amma ya fi tsada, kuma sai an karanta jikin gwangwani an tabbatar.

A Birtaniya ruwan toka mai duhu ya zama abin yayi a tagogin roba, kuma hotunan irin waɗannan gidaje suna yawo a wayoyin jama'a. Sai dai ranar Landan daban, ta Kano daban.

Ina tagar ke kallo?

Ba dukkan ɓangarorin gida ne ke shan rana daidai ba. Ƙofa ko tagar da ke kallon yamma ita ta fi wahala, domin rana na dukanta ne daga azahar zuwa la'asar, lokacin da iska ta riga ta ɗau zafi. Ta gabas tana shan hantsi ne kawai.

Kano na wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ranar tsaka takan ɗan karkata ta arewa, sauran watannin shekara kuma ta kudu. Bangon kudu yana shan rana sosai a lokacin hunturu, ko da yake iska na da sanyi. Wanda ya dage sai launi mai duhu, zai fi masa sauƙi a ƙofar da ke cikin zaure, ko ƙarƙashin baranda, ko inuwar darbejiya.

Ƙura ma tana da nata hukuncin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, gidajen da ke bakin manyan tituna kamar na Zariya da na Maiduguri kuma suna shan ta motoci duk shekara. Fari fat yana nuna jar ƙasa, baƙi kuma yana nuna farar ƙura fiye da kowane launi. Ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske su ne suka fi rufa wa mai gida asiri. Ba mamaki magina na dā, da suka yi Gidan Makama da gidajen cikin ganuwa, suka bar bango da launin ƙasar da aka gina shi da ita.

Launi a ƙaramar takarda yakan yaudari ido. A hasken waje ya fi yin fayau. Gara a gwada shi a wani lungu na firam ɗin, a duba da safe, a sake dubawa da yamma, kusa da launin bango. Wasu kamfanoni na amfani da lambobin RAL, tsarin da aka ƙirƙira a Jamus a 1927, wanda ke ba kowane launi lambarsa. Riƙe lambar yana hana a sami bambanci idan fenti ya ƙare aka koma kasuwa, a Ƙofar Ruwa ko wani wuri.

Dalma a cikin gwangwani

Akwai ɓangaren da ya shafi lafiya, wanda ya fi nauyi a kan ƙofofin ƙarfe da katako da ake shafa wa fentin mai. An daɗe ana amfani da sinadaran dalma wajen haɗa launuka masu ƙyalli, musamman ruwan ɗorawa, da ruwan lemo, da ja. Wani bincike da ƙungiyoyin IPEN da SRADev suka fitar a 2017 ya gano cewa akasarin fentin mai da suka gwada daga kasuwannin Najeriya na ɗauke da dalma fiye da kashi 90 cikin miliyan, wato iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su kafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Jama'ar arewacin Najeriya sun ga illarta a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake a can daga haƙar zinariya ta fito. A gida kuwa, hanyarta ita ce ɓawon tsohon fenti da garinsa. Taga da ƙofa wurare ne da yaro ke kamawa, ya kuma kai hannu baki. Idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi da ruwa tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu daga wurin, a kuma goge ƙasa da tsumma mai laima.

Kafin a fesa

Fentin mai na yau da kullum ba ya kama jikin roba, domin sumul take. Bayan 'yan watanni sai ya fara ɓarewa. Ana buƙatar wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da uPVC. A wanke firam da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, a ɗan goge shi da samfefa mai laushi. Tina mai ƙarfi tana cin robar. A rufe gilashi da baƙar robar da ke zagaye da shi, da maƙallai, da ƙananan ramukan da ruwa ke fita a ƙasan firam. Feshi mara kauri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. Ranar da aka tashi da hazo, ƙura za ta manne a ɗanyen fenti. Da tsakar ranar bazara samansa kan bushe kafin cikinsa. Watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin saukar hunturu, ya fi dacewa, da safe, a ɓangaren da ke cikin inuwa.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya sauya launi. Wanda kuma tagarsa sabuwa ce, ya tambayi inda ya saya, domin kamfanoni da yawa sukan janye garantinsu da zarar an yi wa robar fenti.