Dokar 1553 da Asalin Firiji

A shekarar 1553, Albrecht na Biyar, mai mulkin Bavariya a kudancin Jamus, ya haramta dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Dalilansa biyu ne. Wutar da ake hurawa ƙarƙashin manyan tukwane tana haddasa gobara a garuruwan da gidajensu na katako ne, sannan giyar da aka dafa a lokacin zafi takan yi tsami kafin ta kai ga masu saye. Wannan doka ta kasuwanci tana cikin abubuwan da suka share hanyar bunƙasar injin sanyaya abinci, wanda yau ke adana nama da madara da allurar rigakafi a ko'ina cikin duniya.

Duk wanda ya ga yadda kamu ke saurin tsami da bazara ya san tushen matsalar. Zafi yana gaggauta aikin yisti, amma yana gaggauta na ƙwayoyin da ke kawo tsami ma. Shi ya sa burukutu ke tsimuwa cikin kwana biyu ko uku, kuma ba ta jure ajiya. Giyar Turai ta dā ma haka take: yistinta yana aiki a zafin da ya kai digiri 15 zuwa 22, yana tasowa saman ganga, ya gama cikin 'yan kwanaki.

Da aka tilasta wa mutanen Bavariya yin aikinsu da hunturu, sai wani yisti daban ya samu fili. Shi wannan yana jure sanyin digiri 7 zuwa 13, yana kwantawa a gindin ganga, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya cinye sukarin da ke cikin ruwan sha'ir. Bayan haka sai a jera gangunan a kogo ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa har tsawon makonni ko watanni. Daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya aka samo sunan irin wannan giya, wato laga.

Jinkirin yana da amfaninsa. A cikin sanyi ƙwayoyin tsami ba sa iya yaɗuwa sosai, yisti kuma yana samun lokacin sake shanye wasu sinadaran da ya fitar tun farko, kamar wanda ke ba da ɗanɗanon man shanu, warin farar wuta yana gushewa, ruwan yana tacewa da kansa. Masu sana'ar ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suka sani shi ne wanda ya buɗe ganga da wuri ya yi asarar hatsinsa.

Riƙe sanyin shi ne babban aiki. Da hunturu ake sare ƙanƙara daga tafkuna da koguna, a loda ta a keken doki, a cika ɗakunan ajiya da ita. Ana dasa itatuwa masu faɗin ganye a saman ɗakunan don inuwa. Giyar watan Maris, ta ƙarshe kafin dokar ta fara aiki, ana ƙara mata ƙarfi don ta kai kaka. Shekarar da hunturu ya zo da sauƙi kuwa, ƙanƙara takan yi tsada, jarin mutane ya narke tare da ita.

A ƙarni na 19 sana'ar ta haɗu da kimiyya. A 1842 wani ɗan Bavariya, Josef Groll, ya dafa laga mai launin zinariya a garin Pilsen da ke Jamhuriyar Cek ta yau. A 1845 J.C. Jacobsen, wanda daga baya ya kafa Carlsberg, ya ɗauko yisti daga masana'antar Spaten ta Munich zuwa Kopenhagen. Buƙatar ƙanƙara ta zarce abin da tafkuna ke bayarwa, don haka Gabriel Sedlmayr, mai Spaten, ya ɗauki nauyin gwajin wani malamin injiniya, Carl von Linde. A 1873 aka kafa injin sanyaya na farko na Linde a Spaten, kuma a 1876 ya fito da wanda ke aiki da iskar amoniya. Daga masana'antun giya fasahar ta wuce zuwa mayanka da masana'antun madara, daga bisani ta shiga gidaje.

A shekarar 1876 ɗin Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa ƙananan halittu baƙi ne ke lalata giya. A 1883 Emil Christian Hansen ya ware yisti zalla daga ƙwaya guda a ɗakin binciken Carlsberg, inda kuma aka ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda likitoci da masana ƙasar noma ke amfani da shi har yau.

Asalin yistin kansa sai a 2011 aka gano shi. Masana sun samu wani yistin daji mai jure sanyi a dazuzzukan Patagoniya ta Ajantina, suka tabbatar cewa yistin laga ɗa ne gare shi da yistin da ake burodi da shi. Masu dafa giya na Bavariya sun yi ƙarnuka suna kiwon wannan halitta a kogunansu, suna ɗebo ta daga gindin tsohuwar ganga zuwa sabuwa, ba tare da sun taɓa sanin tana da rai ba.