Ƙuduji: Yadda saiwar dawa ke tayar da maƙiyinta daga barci

Manomin dawa da gero bai buƙatar a gabatar masa da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kafin furensa mai ruwan hoda ya bayyana a gona, ya riga ya shafe makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar ruwa da abinci daga saiwar amfani, shi ya sa ciyawar da aka tuge bayan ta fito ba ta mayar da abin da ya salwanta.

Irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura. Tsiro guda kan zubar da dubun-dubatarsu, kuma suna iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ba sa tsira sai sun ji alamar cewa akwai saiwa a kusa, domin guzurin da ke cikinsu ba ya wuce 'yan kwanaki.

Alamar wani sinadari ne da saiwa ke fitarwa, wanda masana ke kira sitirigolakton. An fara gano irinsa a 1966 a saiwar auduga. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne dalilin da zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da ke janyo masa halaka.

Amsar ta fito daga Japan a 2005. Ashe ba ƙuduji saiwar ke kira ba. Tana kiran wani nau'in funfuna ne mai amfani da ke zaune a ƙasa, wanda ke shiga saiwa ya miƙa zarurruka masu nisa, ya kawo mata sinadarin fosfaros, ita kuma ta biya shi da sukari. Ƙuduji kutse kawai ya yi cikin wannan ciniki. Idan ƙasa ta gaji, fosfaros ya yi ƙaranci, sai saiwar ta ƙara ƙarfin kiran, wanda hakan ke cikin dalilan da suka sa annobar ta fi tsananta a gonar da ba ta samun taki. A 2008 kuma aka tabbatar da cewa sinadarin ne ke taƙaita yawan rassan da tsiro ke fitarwa, don haka kawar da shi baki ɗaya na da nasa illar.

Daga nan bincike ya karkata ga sauya kiran maimakon kashe shi. A 2017 masana a Jami'ar Purdue da ke Amurka, ciki har da Gebisa Ejeta ɗan asalin Habasha, suka gano ƙwayar gadon da ke sa wasu nau'o'in dawa fitar da samfurin sinadarin da bai cika tayar da ƙuduji ba.

Wasu kuma yaudara suka zaɓa. Idan aka zuba sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji a gonar da ba a shuka ba, irin zai tsira, ya rasa saiwar kamawa, ya mutu. Jami'ar Nagoya ta sanar da wani mai ƙarfi ƙwarai a 2018, yayin da ayarin Salim Al-Babili na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah a Saudiyya ya gwada nasa a gonakin Burkina Faso. Dabarar ba baƙuwa ba ce: auduga da waken suya su ma suna tayar da irin ba tare da sun ciyar da shi ba, kuma nan ne hikimar juya shuka take.

A Kenya, manoman masara sun fara amfani da wata funfunar dabam da ke kashe ƙuduji, wadda ake sa wa tare da iri lokacin shuka. Matsalar sinadaran kuwa ita ce farashi, da kuma buƙatar ƙasa ta jiƙe na kwanaki kafin irin ya amsa kira, a yankin da manomi ke gaggawar shuka da ruwan farko.